Ranar da Na Ajiye Goyo a Cikin Dawa

Ko jiya ma sai da kwano ya suɓuce daga hannuna. Zanzaro ne kawai ya shigo ɗaki yana ƙugi a kusa da rufi, amma kafin in gane shi ne na riga na durƙusa a bayan ƙofa. Inna ta leƙo ta ce, "Ke, har yanzu?" Na ce mata har yanzu. An yi girbi an gama, an kwashe kara, amma wannan ƙarar ba ta bar kunnena ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru, ko na samu sauƙi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa. A ƙarshen daminar da ta wuce aka yi wani ruwa mai iska da ƙanƙara wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Gonakin da ke gangare, har da tamu, dawa ta kwanta a wurare da yawa, ruwa ya zauna a gindinta. Ranar Baba ya dawo daga gona, aka ajiye masa tuwo har ya huce bai taɓa ba.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, gara in faɗe shi tun yanzu. Ma'aikatan gona sun aiko cewa za su zo da jirgi marar matuƙi su ɗauki hoton ɓarnar daga sama, don a san waɗanda za a taimaka wa da iri. Suka ce duk wanda gonarsa ta lalace ya kafa sanda da farin buhu a kusurwoyinta. To a garinmu sanarwa a masallaci ake yin ta bayan sallar Juma'a. Maza ne suke ji. Kowane magidanci kuma shi yake zaɓar abin da zai shiga da shi gida, rasuwa ko ɗaurin aure ko zuwan masu rigakafi. Maganar gona ba ta cikin abin da ake kawo wa mata. Baba ya ji, ya je ya kafa buhunansa, ya dawo bai ce da kowa komai ba.

Mu kuwa mata abin da muka sani game da irin wannan jirgi daban ne. Ba mu da nisa da ƙasar Katsina, labaran can suna zuwa mana da ɗuminsu. Ni da na gama sakandare a Kazaure, ni ce nake karanta wa matan gidanmu abin da ake turowa a waya. Da bakina na faɗa musu akwai jirgin da ba kowa a cikinsa, yana ganin mutum daga sama, yana sakin wuta. Da bakina na ce an ce 'yan bindiga ma sun fara amfani da shi su leƙa gari kafin su shigo. Duk abin da ya tsorata ni ranar, ni na koya wa kaina shi.

A makon ne Yaya, wadda nake bi, ta zo ganin gida daga Babura da 'yarta ta fari, jaririya lukuta da ko rarrafe ba ta fara ba. Zuwanta ke nan zazzaɓi ya kwantar da ita, goyo ya dawo bayana. Yarinyar kuwa da ta ji ɗumin baya sai barci, ko ganga ake kaɗawa.

Da hantsi Yaya ta ce bakinta ba ya son komai sai miyar yakuwa. Inna ta ce in je bakin gona in tsinko. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ta ɗauki laujenta ta ce za ta raka ni ta yanko wa awakinta ciyawa.

Yaya ta ɗago kai daga kan tabarma ta ce, "Ki sauke mini ita mana."

Na ce, "Yaya, ina sauke ta za ta farka ta hana ki sakat. Yanzu zan dawo."

"To ki kula mini da ita."

Gwaggo ta ce, "Ji ta! Kamar a kanta aka fara haihuwa. Mu da muka goya ubanku har ya yi gemu?"

Muka fita muna dariya. Na sa hijabina ruwan ɗorawa a kan goyon.

Gwaggo ce ta fara ganin buhun. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Wa ya kafa wa ubanki tuta? Ko sarauta aka ba shi ba mu da labari?" Na duba, ga wani can a ɗaya kusurwar yana kaɗawa. Gonar maƙwabcinmu da ke tudu babu ko ɗaya. Na yi ta juya abin a raina ina tsinkar yakuwa: me ya sa aka yi wa tamu alama aka bar tasa? Wa ya yi?

Sai ƙarar ta zo. Da farko na ɗauka zuma ce ta tashi, har na ja hijabi na rufe kan yarinyar. Ƙarar ta yi ta ƙaruwa, ba ta yankewa. Na ɗaga kai. Ga shi nan ya taso daga bayan itatuwa, baƙi, da hannuwa huɗu kamar gizo-gizo, da wani ido guda a cikinsa yana kallon ƙasa. Ya zo daidai kan farin buhun ya tsaya cak a sama, ko motsi.

Gwaggo ta kama hannuna har farcenta ya shige. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ke 'yar boko, shi ne? Shi ne wanda kika faɗa?"

Na ce, "Shi ne, Gwaggo."

Ta yar da lauje ta kama hanyar gari tana salati. Ni na ga hanyar fili ce fetal, ba abin da zai rufe mutum, sai na faɗa cikin dawa.

Wanda bai taɓa gudu a cikin dawa ba ba zai gane ba. Ta fi ni tsayi nesa, ganyenta yana yankar fuska, inda ta kwanta kuma sai ka yi ta tsallake kara, ƙafa tana nutsewa a taɓo. Takalmina ya tafi ban san inda ba. Ina gudu, ƙarar ta wuce ta kaina ta yi gaba. Na ce alhamdu lillahi. Sai na ji ta juyo. Na karkata hagu, ta sake wucewa, ta sake dawowa. Daga baya aka bayyana mini cewa haka yake aikinsa, layi-layi yake bin gona yana kai da komo kamar mai huɗa. Ni a lokacin abu ɗaya na sani: ya gan ni, ni yake bi, kuma wannan hijabi ruwan ɗorawa ko makaho ya hango shi.

Nan tunanin ya zo mini. Ban ce mai kyau ba ne, amma da hankalina na yi shi. Na ce idan ni yake nema, in ya saki abin da zai saki, mu biyu za mu tafi. Gara ya same ni ni kaɗai.

Na durƙusa a tsakanin kunyoyi. Na kwance majanyi, na zamo da ita a hankali. Ta yi ɗan motsi, ta laluba babban yatsanta ta sa a baki, ta ci gaba da barci. Na shimfiɗa zanen goyon a kwarin kunya na kwantar da ita, na rufa mata majanyin, na jawo yaɗon wake na lulluɓe har ba a ganin komai. Na ɓoye ta da kyau. Wallahi na ɓoye ta da kyau. Na ce, "Ya Allah, ga amana nan." Na tashi na ruga, ina kaɗa hijabin da gangan don ya biyo ni.

Ban san iya gudun da na yi ba. Gonakinmu a haɗe suke, daga wannan ka faɗa waccan ba ka sani ba. Kawai na ga na fito burtali, hanyar da shanu suke bi. Ga farar mota a tsaye. Ga maza a ƙarƙashin wata ɗorawa, ga Baba a cikinsu da hularsa ta zuwa Juma'a, ga malamin gonarmu da kowa ya sani, ga wani baƙon saurayi riƙe da wani abu mai fuska kamar babbar waya, yana danna shi da manyan yatsunsa. Ina tsaye ina haki, jirgin ya zo ta kaina, ya sauko a hankali ya zauna a gaban baƙon kamar tattabarar gida. Ya yi shiru.

Baba ya ce, "Ke! Daga ina haka? Ina takalminki?"

Ina kallon abin nan a ƙasa, bai fi faifai girma ba.

Malamin gona ya yi dariya ya ce, "Malam, 'yar taka ce take ta tsere da jirginmu? Ai mun ɗauka akuya take kora."

Baba bai yi dariya ba. Bayana yake kallo. Ya ce, "Ba ke kike goyon yarinyar nan ba?"

Na ce, "Na ajiye ta."

"A gida?"

"A cikin dawa."

"A ina cikin dawa?"

Na juya zan nuna. Hannuna ya tsaya a sama. Dawa ce daga nan har inda ido ya ƙare, kore iri ɗaya, ban ma gane ta inda na fito ba. Duk tsoron da na ji a baya ashe wasa ne.

Maza suka bazu cikin gona suna kira, ko da yake jaririya ba ta amsa kira. Na bi sawuna, ya ɓace a inda ruwa ya kwanta. Na durƙusa ina ɗaga yaɗon wake ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar shi ne, kowanne ba komai a ƙasansa sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani ya ce a yi a hankali da ƙafa kada a taka ta. Wani ya ce tun da aka yi ruwan nan macizai suka hauro tudu, Baba ya daka masa tsawa ya yi shiru. Muka tsaya muka kasa kunne ko za ta yi kuka. Ba kuka. Sai iska da ta fara kaɗa ganye. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Kowa a wurin ya san idan ruwa ya sauko, kwarin kunya ne hanyarsa, kuma a kwarin kunya na kwantar da ita.

Muka dawo burtali, muka tarar Gwaggo ta taso rabin gari, wasu da sanduna. Da ta gane abin da ake ciki sai ta yi kan Baba.

"Kai yanzu ka san da zuwan wannan abin?"

Baba ya ce, "Ai an yi sanarwa a masallaci."

"A masallaci! Ni limamin ce ko ladan? Ka ga na taɓa zuwa sahun gaba?"

"Maganar gona ce, ban ɗauka..."

"Gonar aljanu ne suke tsinko maka yakuwa a cikinta? Da goron ɗaurin aure aka raba ai da ka shigo da labari!"

Ban taɓa ganin Baba ya sunkuyar da kai a gaban mutane ba sai ranar.

A bayan Gwaggo na hango Yaya. Ta taso da zazzaɓinta, ba mayafin kirki, leɓenta ya bushe. Ba ta yi ihu ba. Ta zo har gabana, ta zagaya ta dubi bayana, ta sa hannu ta shafa wurin da goyo yake zama, kamar ko yarinyar tana nan ba a gani ba. Ta ce, "Tana barci lokacin da kika ajiye ta?" Na ce eh. Ta gyaɗa kai, ta zauna a ƙasa.

Baƙon saurayin ne ya matso, yana magana da ladabi. Ya ce, "Ƙanwata, na gan ki a nan ciki lokacin da kika durƙusa. Ki yi haƙuri, na ɗauka uzuri ne ya kama ki, sai na kawar da kaina. Ban ga abin da kika yi ba."

Gwaggo ta ce, "Ka ji! Jirgi marar kunya, mai jirgi sarkin kunya."

Ya ce, "Amma shi ba ya kawar da kai, Gwaggo. Yana tafe yana ɗaukar hoto. Bari mu duba."

Ya juyo mini da fuskar abin. Na ga gonarmu daga sama, kamar tabarmar da aka yi wa ɓarin ruwa. Yana jan hotunan da yatsa, sai ga wani ɗigo ruwan ɗorawa. Ni ce. Ga ni nan, ga ni can, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar masara. Sai ga hoton da ɗigon ya dunƙule wuri ɗaya. Kusa da shi akwai wani gawo tsirara, don gawo ba ya ganye da damina, rassansa sun yi fari tas a cikin kore.

Baba ya ce, "Gawo a gonakin nan ai sun fi a ƙirga. Daga ƙasa ba za mu gane wanne ba."

Baƙon ya ce, "Shi ya san wurin. Zan mayar da shi ya tsaya a kai, ku bi shi. Amma batirin ya kusa ƙarewa, ga iska. Ba zai daɗe a sama ba, kuma ruwa na saukowa dole in sauke shi."

Ya danna. Ƙarar ta tashi a gabana, na ja da baya na dafa mota. Abin ya yi sama, ya miƙe cikin gona, ya tsaya can nesa, iska tana rangajin da shi.

Malamin gona ya ce, "Ke kika san yadda kika rufe ta. Wuce gaba."

Na shiga. A cikin dawa ba a ganin sama sosai, don haka da kunne na bi shi. Duk jikina yana ce mini in juya, ni kuwa ina kutsawa inda ƙarar ta fi ƙarfi. Ina jin Baba a bayana yana karya kara yana ambaton Allah. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a goshi, mai kauri, mai sanyi. Na biyu, na uku. Ƙarar ta cika mini kai har haƙorana suna kaɗawa. Na ɗaga ido, ga shi daidai kaina, idon nan yana kallona. Ga gawon a dama.

Na faɗi a gwiwa ina yaye yaɗon wake. Babu. Na matsa kunya ta gaba. Babu. Na fara kuka ina cewa ba nan ba ne, ba nan ba ne. Sai ƙarar ta ɗaga ta yi nisa, ruwa ya kore shi, ya koma wurin mai shi. Wurin ya yi tsit in ban da ruwa a kan ganye. A cikin wannan shirun na ji ta. Wata 'yar murya a shaƙe, ta gaji da kuka, a bayana kaɗan. Ashe ta daɗe da farkawa, ƙarar ce ta danne ta.

Na yaye wake, ga majanyin. Fuskarta ta yi ja, cinnaku sun hau ƙafarta ɗaya sun yi mata cizo, gefen zanen ya riga ya jiƙe, ruwa ya fara bin kwarin siriri kamar zare. Na ɗauke ta na manna a ƙirji. Baba ya cire babbar rigarsa ya rufa mana, muka fito a haka cikin ruwa, shi daga shi sai 'yar shara. Kafin mu kai burtali kwarin kunyoyin nan duk sun cika.

Yaya ta karɓe ta. A nan cikin motar mutane ta ba ta nono, tana tsince cinnakun da suka maƙale.

Kwanaki bayan nan ban taɓa yarinyar ba. Idan ta yi kuka sai in fita tsakar gida in kama wani aiki. Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi mini. Baba kuwa tun daga ranar, idan ya dawo daga Juma'a sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya zayyano duk abin da aka faɗa, har da na gyaran kwalbati. Gwaggo ta kan ce, "Madalla da sankiran gidanmu."

Ranar da Yaya za ta koma Babura, ɗan acaɓa yana jira a waje, tana ɗaure kayanta, sai ta ce, "Zo ki goya mini ita ki raka ni bakin titi."

Na ce, "Yaya, ki ba Inna."

"Ke na ce."

"Ina tsoro."

Ta ce, "Na sani. Juya."

Na juya na sunkuya. Ta ɗora mini ita, na ji nauyin nan da ɗumin nan a bayana. Na ja zane, na zo ɗaurin majanyi yatsuna suka ƙi. Na gwada, ya kwance. Yaya ta zagayo gabana ta kama bakin majanyin ta ɗaure da kanta, ta ja shi tam har sai da numfashina ya tsaya.

Ta ce, "Gwaggo ta faɗa mini mai jirgin ya gan ki kina kaɗa wa jirgin hijabi don ya bi ki."

Ta gyara mini wuyan hijabin, ta ɗauki jakarta ta yi gaba. Muka bi ta a baya. Kafin mu kai bakin titi yarinyar ta yi barci, ni kuwa duk tsawon hanyar hannuna ɗaya yana baya, yana riƙe da ƙafarta.